Kowa Ya Kira Ni Sai Ya Ce "Yanzu-Yanzu"

Tambaya:

Assalamu alaikum, Anti. Ni ma'aikaciyar ofis ce, ina da aure da yara uku. Daga tashina da asuba har in kwanta ban san zama ba, amma in dare ya yi na waiwaya sai in rasa abin da na tsinana. Shugabana ya turo aiki ya ce yanzu-yanzu yake so, abokan aiki su ce in taya su, 'yan'uwa kowa ya kira da uzurinsa, waya kuma ba ta hutawa. Ni kuwa ban iya cewa a'a ba. Akwai jarrabawar ƙwarewa da in na ci za a yi mini ƙarin girma, shekara biyu ke nan ina cewa zan zauna in yi karatunta. Babbar 'yata ta ja baya a makaranta, ta kuma daina ba ni labari kamar da. Na yi watanni ina fama da ciwon kai, ga mahaifiyata tana da hawan jini, amma na kasa samun ranar zuwa asibiti. Na sayi littafin tsara ayyuka, na sauke manhajoji a waya, duk a banza. Don Allah ki koya mini yadda zan ƙara sauri.

Amsa:

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Allah ya ba ki lafiya, ya raya miki zuri'a.

Dabarar ƙara sauri kam ba zan ba ki ba, don naki saurin ya riga ya kai inda zai kai. Macen da ke riƙe da ofis da gida da dangi, kowa ya kira ta amsa, ai ba a ce mata mai nawa. In ma kika ƙara, kin san abin da zai biyo baya: duk wanda ya ga kina gama aiki da wuri, wani zai ƙaro miki. Masu iya magana sun ce sauri ya haifi nawa, ga shi kuwa kin shekara biyu kina gudu, jarrabawa tana nan inda kika bar ta.

Ki sake karanta wasiƙarki, za ki ga abubuwan da kika lissafa sun rabu gida biyu. Shugaba, abokan aiki, 'yan'uwa da waya, duk masu baki ne. Suna kira, suna tsaya miki a ka, suna ɓata rai in an jinkirta musu. Jarrabawa kuwa ba za ta taɓa buga miki waya ba. Kanki yana ciwo, kin sha magani ya lafa, ya ƙyale ki. 'Yarki ma shirun da ta yi shi ne duk ƙorafinta. Na farkon su ne na gaggawa, masu neman a yi su a take. Na biyun su ne muhimmai, waɗanda sakamakonsu zai bi ki shekaru. Wani lokaci abu guda ya haɗa duka biyun, kamar yaro ya faɗi ya fasa kai, to nan babu wani dogon tunani. Amma a yawancin ranaku hanyarsu daban-daban ce, kuma mai baki shi ke cinye ranar.

Dwight Eisenhower, janar ɗin da ya jagoranci sojojin ƙawance a Yammacin Turai lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, ya kuma shugabanci Amurka daga 1953 zuwa 1961, ya taɓo wannan batu a wani jawabi da ya yi a Jami'ar Northwestern a 1954. Ya ruwaito wani tsohon shugaban kwaleji yana cewa matsalolinsa iri biyu ne, na gaggawa da muhimmai: na gaggawar ba su da muhimmanci, muhimman kuma ba sa taɓa zuwa da gaggawa. An ɗan zuzuta zancen, amma akwai gaskiya a ciki. Daga baya aka ƙirƙiro jadawalin nan mai gida huɗu da ake laƙaba wa sunansa, inda ake ware abin da za a yi yanzu, abin da za a sa wa rana, abin da za a miƙa wa wani, da abin da za a watsar. Jadawalin ba shi da laifi, sai dai ba shi ne maganinki ba, kamar yadda littafin da manhajojin ba su zama ba. Ke kin san muhimman abubuwanki sarai, da hannunki kika rubuto mini su. Inda ake cin ki shi ne daidai lokacin da waya ta yi ƙara, ko wani ya leƙo ya ce "don Allah minti biyu".

Kuma kada ki ɗauka ke kaɗai ce. A 2018 wasu masu bincike uku, Meng Zhu da Yang Yang da Christopher Hsee, suka wallafa sakamakon gwaje-gwajen da suka yi kan wannan hali. Sukan ba mutum ayyuka biyu masu sauƙi iri ɗaya, a ce ya zaɓi guda. Ɗaya ladansa ya fi tsoka, wa'adinsa kuma da nisa. Ɗayan ladansa kaɗan ne, amma an ce lokacinsa ya kusa ƙurewa, alhali lokacin da aka ba kowanne ya isa a gama shi. Mutane da dama suka riƙa ɗaukar mai ƙaramin lada, don kawai an ce musu lokaci na tafiya. Waɗanda ke ganin kansu a matsayin masu ayyuka da yawa su suka fi faɗawa tarkon. Abin da ya fi ba ni sha'awa a binciken shi ne, da aka tuna wa mutane ladan kowane aiki daidai lokacin da za su zaɓa, sai halin ya ragu. Wato hankali yana nan, ɗan sarari kawai yake nema ya yi aikinsa.

Wannan sararin nake so ki ƙwato. Daga yau kada ki amsa buƙatar kowa a cikin numfashin da ya kawo ta. Ki haddace jimla guda, "bari in duba, zan sanar da kai", ki riƙa faɗinta har ta zama jiki. Mai jin nauyin cewa a'a ma yana iya faɗin wannan, don ba ƙi ba ne. A cikin mintunan da kika samu, ki tambayi kanki: in na bar abin nan zuwa gobe, me zai lalace? Ki ba da amsa takamaimiya. "Rahoto ba zai shiga taron ƙarfe goma ba" amsa ce. "Wance za ta ji haushi" ma amsa ce, amma kin ga nauyinsu ba ɗaya ba. Sai ki duba aikin na wane ne tun asali, sannan ki tambayi mai shi yaushe ne ainihin ranar da ake buƙatarsa. Za ki sha mamakin yawan "yanzu-yanzu" da ke komawa "kafin Alhamis" in aka yi tambaya. Mutane da yawa suna cewa yanzu ne don su sauke abin daga kansu, ko don sun san in suka ce miki yanzu za ki yi shi yanzun.

Masu aiki a sashen gaggawa na asibiti sun fi kowa sanin wannan darasi, domin a wurinsu kowa da gaggawa ya zo. Tun zamanin Dominique Jean Larrey, babban likitan tiyata a rundunar Napoleon ta Faransa, aka kafa ƙa'idar a fara da wanda rauninsa ya fi tsanani, ba a duban muƙaminsa. Har yau haka ake yi: ana tantance marasa lafiya tun daga ƙofa, kuma ba wanda ya riga zuwa ko wanda ya fi ɗaga murya ake fara gani ba. Mai ihu dai an tabbata yana numfashi. Wanda ya yi lamo a gefe bai ce uffan ba, shi ne ma'aikaciyar jinya ke fara leƙawa. To bari mu yi wa wasiƙarki irin wannan tantancewa.

Kanki ne farko, kuma a makon nan. Ciwon kai yana da dalilai barkatai, daga ƙarancin barci da gajiya da damuwa har matsalar ido, likita ne zai faɗi naki. Amma tunda mahaifiyarki tana da hawan jini, haɗarin ya ƙaru a kanki, kuma shi hawan jini halinsa ke nan, yawanci ba ya nuna wata alama. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan rabin manyan da ke ɗauke da shi ba su san suna da shi ba. Awonsa mintuna kaɗan ne. In aka auna a ranaku biyu daban-daban aka samu 140 bisa 90 ko sama da haka, to akwai shi, kuma ana iya riƙe shi da magani da gyaran yanayin rayuwa. In aka bar shi kuwa, shi ke kai mutum ga shanyewar ɓarin jiki, ciwon zuciya da lalacewar ƙoda. Ki nemi izinin rabin yini a ofis, kada ki jira ranar da aiki zai yi sauƙi, don ranar ba ta zuwa. In kuma kafin nan ciwon kan ya zo miki farat ɗaya da tsananin da ba ki saba ba, ko ganinki ya dushe, ko harshenki ya yi nauyi, ko wani ɓangaren jikinki ya saki, ko ƙirjinki ya riƙe, ki ajiye komai a kai ki asibiti a lokacin.

Sai 'yarki. Anan zan ɗan tsaya, don ita ce ta fi taɓa mini zuciya. A 1973 John Darley da Daniel Batson suka wallafa wani gwaji da suka yi da ɗalibai 40 masu koyon aikin limancin Kirista a Princeton ta Amurka. An tura kowanne zuwa wani gini ya gabatar da gajeren jawabi, wasunsu ma jawabin a kan labarin taimakon matafiyin da aka raunata ne. An ce wa wasu sun riga sun makara, wasu kuma an ce musu akwai sauran lokaci. A kan hanyar an ajiye wani mutum a sunkuye, yana tari yana nishi. Cikin waɗanda ba a hanzarta ba, kashi 63 cikin ɗari suka taimaka masa. Cikin waɗanda aka ce sun makara, kashi 10 kacal. Ɗaliban ba su da yawa, don haka kada a ɗora wa alƙaluman abin da ya fi ƙarfinsu, amma abin da suke nunawa kowa ya san shi a jikinsa: mai hanzari idonsa kan ƙuntata, ya wuce abin da ke gabansa ko da mutumin kirki ne.

Yaro kan lura da wannan fiye da yadda muke zato. Yarinyar da ta fara ba da labari sau biyu, sau uku, ana amsa mata da "uhm" ido na kan waya, ko a ce mata "bari in gama wannan", takan koyi ajiye labarinta. Ba fushi ba ne lallai, tana iya yiwuwa tausayinki take ji, ta ga kayan da ke kanki. Saboda haka kada ki fara da zaunar da ita kina tuhumarta kan sakamakon makaranta, bakinta zai ƙara rufewa. Ki ware mata ɗan lokaci da ta san nata ne, ko da minti ashirin ne, wayarki tana wani ɗakin, kuna wani ɗan aiki tare ko kuna takawa. Yara sun fi sakin baki in ba a ƙura musu ido ba. Kwanakin farko ƙila ki ji shiru, ki daure. Ki kuma nemi ganin malaminta, don ja da baya a karatu alama ce, dalilin yana iya zama darasi ne ya yi mata wuya, ko ido ne ba ya ganin allo, ko wani ne ke tsangwamarta. Af, na lura ba ki ambaci maigidanki a cikin masu ɗauke miki wani abu ba. Ko dai yana yi kin manta, ko ba ki taɓa zaunar da shi kin ce "wannan kai za ka riƙe" ba. 'Yar taku ce ku biyu.

Jarrabawa kuwa matsalarta a fili take. "Zan zauna in yi karatu" ba shi da rana, ba shi da mai bibiya, don haka kowace ƙaramar buƙata tana iya ture shi. Tunda mun san zuciya tana rusuna wa wa'adi, ki yi amfani da wannan rauni don kanki. Ki je ki yi rajistar zama na gaba, rana ta tsayu. Ki nemi wata da za ta rubuta tare da ke, ku sa ranar da za ku riƙa tambayar juna inda kuka kai, kin ga jarrabawar ta samu bakin da zai kira ki. Lokacin karatun kuma ki sa shi a farkon yini, kafin ki buɗe saƙonni, don abin da aka bar wa dare ragowar ƙarfi yake samu, ke kuma ba ki da ragowa. Minti arba'in sau huɗu a mako ya fi yini guda cur da kike ta jira. Ba a fafe gora ranar tafiya. Sau da yawa gaggawar da ke addabar mutane a ofis ma daga nan take fitowa: abu ne muhimmi da aka yi ta ɗagawa har wa'adinsa ya iso.

Na san za ki ce duk wannan da sauƙi, shugaba fa? Gaskiya ne, shi ba a ce masa "bari in duba" kamar yadda za ki ce wa abokiyar aiki, kuma sau da yawa gaggawarsa ta gaske ce. Abin da za ki yi shi ne ki mayar masa da zaɓin cikin ladabi. "Yallaɓai, ina kan rahoton da ka ce a kammala zuwa Alhamis. In na ɗauki wannan yanzu, wancan zai kai Litinin. Wanne kake so in fara?" Shugabanni da yawa ba sa riƙe lissafin abin da suka riga suka ɗora wa mutum, kuma da kike karɓa kina shiru kina kwana a kai, ke ce kika ɓoye masa cewa kayan sun yi yawa. Mai hankali zai zaɓa, ƙila ma ya gode. Akwai kuma wanda zai ce duka biyun yake so, yau. Irin wannan ki riƙa tura masa gajeren saƙo a rubuce da jerin ayyukan da ranakun da za su iya fita, don kada a wayi gari a ce ke ce kika gaza. In halinsa ke nan kullum, to jarrabawar ta ƙara muhimmanci, domin ita ce ƙofar da za ki bi ki fita daga ƙarƙashinsa.

Abokan aiki ba su da wahala haka. "Yau ba zan samu dama ba, gobe da rana zan iya duba miki" ya isa, kada ki bi shi da dogon bayani, don bayani ƙofar ciniki yake buɗewa. Wanda yake kawo miki aiki iri ɗaya kowane mako, ki zauna ki koya masa sau ɗaya, ki daina yi masa.

'Yan'uwa sai an yi hattara, don zumunci yana cikin muhimman, ban ce ki yanke shi ba. Sai dai ki bambance mai larura da wanda ya ga lambarki ce ta fi saurin ɗauka. Mahaifiyarki, alal misali, ina kyautata zaton tana cikin marasa kira don kada ta dame ki. Ita ki riƙa kiranta da kanki, a ranar da kika tsayar.

Waya kuma ki rage mata iko. Ki kashe ƙarar sanarwar WhatsApp da imel da sauransu, ki riƙa buɗe su a lokutan da kika zaɓa, misali da hantsi, da rana, da kafin tashi aiki. Ki gaya wa maigida da makarantar yara da mahaifiyarki cewa in abu ya taso su kira kai tsaye, in ba ki ɗauka ba su sake kira. Da haka hankalinki zai kwanta cewa babban abu ba zai wuce ki ba. Dalilin wannan ya fi ɓata lokaci zurfi. Wata mai bincike, Sophie Leroy, ta nuna a 2009 cewa in mutum ya bar aiki bai kammala ba ya koma wani, wani sashe na hankalinsa yakan maƙale a na farkon, sai ingancin na biyun ya ragu. Leƙa saƙo na daƙiƙa goma ba daƙiƙa goma yake ci ba. Shi ya sa kike yini kina aiki, ki kwanta a gajiye, ki kuma rasa abin nunawa.

Ki shirya jin magana a makonnin farko. Wani zai ce kin canza, wata ta ce kin fara ji da kai, ke kanki zuciyarki za ta riƙa zarginki duk lokacin da waya ta yi haske ba ki ɗauka ba. Yawancinsu za su saba cikin ɗan lokaci, su nemi wata hanya, wasu ma su gano ashe suna iya yi da kansu. Akwai kuma ranakun da tsarin zai rushe gaba ɗaya, yaro ya kwana da zazzaɓi ko aiki na gaske ya faɗo daga sama. Ranar ki bi gaggawar da zuciya ɗaya. Kafin ki kwanta dai ki ɗauki abin da ya kuɓuce miki, karatun ne ko zaman da 'yarki, ki sa masa wata ranar da wani ƙarfen takamaimai a cikin makon.